A Gonar Wani Ake Fara Nuna Hannu

Akwai wata sana'a da matasanmu suka fara ambata a 'yan shekarun nan, wadda iyayensu har yanzu ba su san a wane layi za su sa ta ba. Mai yin ta ba kaya yake sayarwa ba, dabara yake sayarwa. Shi ne zai gaya wa mai shago sunan da ya dace da shagonsa, ya tsara wa mai man gyaɗa takardar da za ta manna a kwalba, ya zauna da masu makarantar kuɗi su fitar da sanarwar ɗaukar ɗalibai wadda za ta shiga kunnen iyaye, ya nuna wa masu biki yadda za a ɗauke shi a bidiyo har na nesa ya ji yana son zuwa. A Legas da Abuja manyan kamfanoni ne ke wannan aiki, da ofisoshi da ma'aikata. A Zuru kuwa, saurayi ne ko budurwa da suka dawo daga bautar ƙasa, waya mai kyau a hannu, wani lokaci da tsohuwar kwamfuta a jaka, kai cike da dabaru, aljihu kuma wayam.

Duk ƙofar da suka ƙwanƙwasa, tambaya ɗaya ake tarbarsu da ita: wa ka taɓa yi wa? In babu amsa sai a ce su dawo wani jiƙon. Ba a ba ka aiki sai ka taɓa yi, ba ka kuwa taɓa yi sai an ba ka. A nan da yawa ke cijewa. Wasu su buga kati mai sheƙi, su rubuta "ƙwararre" a ƙarƙashin sunansu, su buɗe shafi a Facebook da Instagram, su zauna jiran kira. Wasu su yi ta bin kwas a intanet. Karatun ba laifi ba ne, kuma gwamnatin tarayya da kanta ta fito da shirin 3MTT a 2023 don horar da matasa miliyan uku a fannin fasahar zamani. Amma takardun shaida sukan taru a waya alhali mai su bai taɓa sa wani ya sayar da mudu ɗaya fiye da na jiya ba, kuma ɗan kasuwa wannan mudun yake son ji.

A ganina ɗan ƙasar Zuru bai kamata wannan ƙulli ya gagare shi ba, domin kakanninsa sun daɗe da kwance irinsa. A al'adar Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, saurayin da ya ga yarinya yana so ba a tambayarsa abin da ya tara. Me yaro zai tara? Gonar da yake nomawa ta ubansa ce, rumbun da yake ci na gidansu ne. Abin da iyayen yarinya ke son sani shi ne ko zai iya riƙe 'yarsu, ya ciyar da ita a shekarar da damina ta yi kyau da wadda ba ta yi ba, kuma wannan ba magana ce da ake karɓa a baki ba. Sai ya shiga golmo. Zai yi wa uban yarinyar noma damina bayan damina, har shekara bakwai yadda al'ada ta tanada. Ba shi kaɗai yake zuwa ba, yana cikin ƙungiyar tsararrakinsa. Yau su duƙa a gonar surukin wannan, gobe a ta surukin wancan. Aikin kuwa babu ɓoyo a cikinsa. Kunyar da ka tayar tana nan kowa na gani, miƙaƙƙiya ce ko karkatacciya. In ka bar ciyawa a gindin dawa, bayan 'yan kwanaki ita da kanta za ta tona maka asiri. Wanda ke riga kowa kai bakin gona an san shi, wanda ke yawan miƙewa yana dafe ƙugu shi ma an san shi. Suruki na kallo, dattawa na kallo, yarinyar ma labari na kai mata. In wa'adi ya cika, lokacin bikin Uhola bayan an kawar da amfanin gona, a fito da waɗanda suka kammala a bainar jama'a, gari ya shaida cewa wane ya isa riƙe gida.

Mutane da dama kan danganta jarumtar sojojin ƙasar Zuru da wannan horo. Tun zamanin Turawa ake ɗibar samarin yankin aikin soja, kuma daga nan aka sami irin su Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, wanda ya yi gwamnan soja a Jihar Bauchi daga 1984 zuwa 1985 kafin daga baya ya hau gadon sarautar Zuru. Yau boko da addini da kuɗi sun rage wa golmo ƙarfi, a gidaje da yawa ma sai labarinsa. Ba kira nake yi a koma masa ba, ba kuma cewa nake yi 'ya mace ladan noma ce ba. Abin da ya ɗauki hankalina shi ne yadda magabata suka tsara wa wanda ba shi da komai hanyar da zai bi a yarda da shi.

Ɗan golmo bai jira ya mallaki gona kafin ya nuna ya iya noma ba. Gonaki na nan, na wasu ne, ya shiga. Sabon shiga wannan sana'a ma haka abin yake gare shi. Kasuwar Zuru cike take da masu kaya mai kyau da ba su san yadda za su sa a bambanta su da na gefensu ba: masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, masu daddawa, teloli, masu gidan burodi, masu shagon taki da maganin feshi, masu POS da suka jeru a bakin titi kowa da laima iri ɗaya. A cikinsu zai zaɓi ɗaya. Kada ya dubi wanda ya fi kuɗi. Ya dubi wanda kayansa ke da inganci, kuma zai bar shi ya zauna kusa da shi ya ga yadda ciniki ke tafiya.

A ce budurwa ce ta karanta aikin jarida ko zane, ta nufi wurin wata dattijuwa mai man gyaɗa. Tana tafe da tambari uku da ta zana a manhajar Canva, kowanne da koren ganye da suna na Turanci. In tana da hankali za ta bar su a waya tukuna, ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna, ta taya ɗura mai da mazurari, ta taya ba da canji, ta buɗe ido. Kasuwa biyu ko uku sun isa ta fara ganin abin da babu shi a kwas. Duk wanda zai saya sai ya buɗe murfi ya shinshina. Matafiya kuwa sai sun kifa kwalbar sun girgiza.

"Mama, me ya sa suke kifa ta?"

"Tsiyaya suke gudu, 'yata. Wanda zai hau mota zuwa Kontagora ko Yawuri ba ya son mai ya ɓata masa kaya, ya ɓata na mutane, direba ya yi ta faɗa."

"To waɗanda suka taɓa saya suka dawo fa, da wane suna suke neman ki?"

"Wane suna kuma? Cewa suke yi matar nan ta kusa da masu doya. Ran da aka matsar da masu doya, wasu sun yi ta yawo ba su gan ni ba, har suka saya a wurin wata."

Daga wannan 'yar hira aikin ya fito fili. Mama na bukatar murfin da ba ya yoyo, ko ledar da ake ɗamewa a bakin kwalba, yadda matafiyi zai jefa a buhu hankali kwance. Tana bukatar takarda mai ɗauke da sunan da unguwa ta riga ta san ta da shi, da lambar waya da manyan lambobi waɗanda dattijo zai karanta ba sai ya kira jikansa ba. Wataƙila tana bukatar ƙaramar kwalba saboda ɗalibai da matan da kuɗin cefanensu bai kai na babba ba. Koren ganye da Turanci babu inda suka shigo. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma gaskiya ne, shi ya sa ake fara zama a saurare shi. Sai dai wanda ya daɗe a ɗaki yakan saba da yoyon har ya daina ganinsa, ya ajiye kwano a wurin ya ci gaba da harkarsa. Mama ta san ana kifa kwalba, ta san an ɓata ta ran da masu doya suka tashi, amma ba ta taɓa ɗaukar waɗannan a matsayin abin da ake gyarawa ba. Abin da baƙon ido ke kawowa ke nan, kuma shi ne ainihin abin da ake biyan mai ba da shawara dominsa.

Akwai wani ƙaramin abu da sababbin shiga ke mantawa, wanda ni a wurina ya fi tambarin muhimmanci. Kafin a taɓa komai, yarinyar nan ta sayi littafin rubutu, ta riƙa rubuta kwalba nawa ke fita a mako. Bayan an yi gyara ta ci gaba da rubutawa. Wannan littafi shi ne kunyarta a gona, wadda kowa zai iya zuwa ya duba. Ta ɗauki hoton teburin kafin gyara da bayansa, ta nemi izinin Mama ta naɗi muryarta tana faɗin abin da ta gani da bakinta. Ranar da wani ya sake tambaya wa kika taɓa yi wa, amsar tana layin masu mai, yana iya tashi ya je ya tambaya. In kuwa ciniki bai motsa ba, littafin ne zai tilasta mata ta nemi dalili: ko gyaɗa ce ta yi tsada, ko kuɗin sabon murfi ne ya cinye riba, ko dai tun farko ba a nan matsalar take ba. Gara ta koyi wannan a teburin Mama da ta koye shi ranar da wani ya danƙa mata dubban ɗaruruwa.

Kada wani ya ɗauka wannan hanyar ƙauye ce. David Ogilvy, Baturen Birtaniya da ake lissafawa cikin iyayen sana'ar talla ta zamani, bai buɗe kamfaninsa a New York ba sai a 1948, lokacin ya doshi shekara arba'in. Kafin nan ya yi kuku a wani babban otal a Paris, ya yi yawon tallar murhun Aga gida-gida, ya yi aiki da George Gallup a Amurka suna binciken ra'ayin masu kallon fim, har noma ya taɓa a jihar Pennsylvania. Abin da ya fara buɗe masa ƙofa ɗan littafi ne da ya rubuta a 1935 don koya wa 'yan'uwansa masu tallar murhu yadda ake magana da matan gida. Ya iya rubuta shi ne domin ya sha tsayawa a ƙofar gidajen mutane ana yi masa tambayoyi, ana kuma rufe masa ƙofa. Duk abin da ya zo ya yi fice da shi daga baya, a kasuwancin wasu ya tsince shi.

Sai batun ƙungiya. Samarin golmo sun san mutum ɗaya ba zai gama gonar suruki a kan lokaci ba, shi ya sa suke tafiya tare, kowa a yi masa ranarsa. Matasanmu kuwa kowa so yake a ce shi kaɗai ne: shi ne mai hoto, shi ne mai zane, shi ne mai rubutu, shi ne mai murya. Ƙarshenta kowane ɓangare ya fito rabi da rabi. Alhali a Zuru akwai mai ɗaukar hoton biki da ya san haske, akwai mai rubutun allon shago da hannunsa ya faɗa tun kafin a san kwamfuta, akwai yarinyar da ke da muryar da in ta yi sanarwa kowa zai tsaya, akwai wanda ya iya haɗa bidiyo a manhajar CapCut. In huɗu ko biyar suka haɗu, yau a taru a kan aikin da wannan ya samo, gobe a kan na wancan, cikin shekara guda kowannensu zai sami ayyuka da yawa da zai nuna, ya kuma koyi abin da ɗan'uwansa ya iya. Masana'antar finafinan Hausa da haka ta tashi. Turmin Danya, wanda ake ɗauka fim ɗin bidiyo na farko da ya yi kasuwa a Kano a 1990, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ce ta shirya shi, mutanen da suka saba wasan daɓe tare. A kuma sa tsofaffin hannu a cikin tafiyar. Mai tallar kaya da lasifika a tasha, wanda ke tara jama'a cikin minti biyar, ya san abin da ke tsayar da mai wucewa fiye da yawancin masu koyar da talla a YouTube. Zama kusa da shi wuni guda karatu ne.

Yanzu ga wurin da na fi so a tsaya a duba da kyau, domin a nan ake cutar yara. Golmo aiki ne mai wuya, amma yana da wa'adi, yana da shaidu, kuma kowa ya san abin da ke jiran saurayi a ƙarshe. Uban da ya ci guminsa shekara da shekaru sannan ya juya masa baya, gari ba zai ƙyale shi ba. A kasuwar yau kuwa akwai masu gona da yawa da ke son ɗan golmo amma ba su da niyyar cika alkawari. Za su ce, yi mana wannan kyauta, ai tallata ka muke yi. Za su ce, bari a ci zaɓe, ba za mu manta da kai ba. Kowace kakar siyasa ana kwasar matasa su kwana suna zana fasta, suna haɗa bidiyo, suna ƙona datarsu, in an rantsar da mai gida lambar wayarsa ta daina shiga. Yaro ya shekara uku yana aiki, a tambaye shi abin da ya samu, sai hotunan da ya ɗauka da manya. Wannan yana ƙona mini rai, domin mafi yawansu masu hazaƙa ne, kuma bayan an yi musu haka sau biyu sau uku sai su bar sana'ar gaba ɗaya, su ce babu komai a cikinta.

Saboda haka aikin kyauta ma a yi masa ƙa'ida tun ranar farko. A faɗi tsawonsa, wata biyu ne ko uku. A faɗi abin da za a yi da wanda ba za a yi ba. Kuɗin ɗab'i da na mota da na data mai kaya ne zai biya, domin hannu aka ba shi kyauta, ba aljihu ba. A amince cewa mai aikin zai nuna abin da ya yi ga wasu, kuma in an tambayi mai kaya zai ba da shaida. A rubuta wannan ko da a saƙon WhatsApp ne, a kuma yi maganar a gaban wani babba da duka biyun ke jin kunyarsa. In wa'adi ya cika, a zauna a yi maganar kuɗi. Aikin kyauta biyu ko uku sun wadatar. Wanda ya wuce haka ya koya wa gari cewa shi ba a biyan sa.

Maganar kuɗin ita ma tana da nata nauyi a gari irin Zuru, inda in ka bi salsala kowa ɗan'uwan kowa ne. Wanda zai ba ka aiki abokin babanka ne, ko ƙanwar mamarka, ko dattijon cocinku ko na masallacinku. Kunya sai ta sa yaro ya ce, "Baba, duk abin da ya sauwaƙa." Wannan jimla ta kashe sana'o'i da yawa. Abin da ya fi shi ne a faɗi farashi da ladabi, sannan in za a yi ragi a yi shi a fili: "Baba, aikin nan kaza nake yin sa, amma ku iyaye ne, ku ba da kaza." Da haka an girmama babba, an kuma sanar da shi darajar abin da ya karɓa, kuma in ya tura wani, da farashin gaskiya zai tura shi. A karɓi kafin alƙalami kafin a fara. A faɗi sau nawa za a yi gyara, domin akwai mai kayan da zai sa a canja launi sau goma, duk lokacin da wani sabon baƙo ya shigo shagonsa ya faɗi ra'ayinsa. In harka ta fara kankama, a yi wa suna rajista a hukumar CAC, a buɗe asusun banki da sunan, saboda makarantu da ƙungiyoyi ba sa son tura kuɗi asusun mutum.

Akwai inda kwatancen ya tsaya, kuma wajibi ne a faɗa. Ɗan golmo ba ya gardama da suruki. Inda aka nuna masa nan yake sa garma. Mai ba da shawara kuwa, ranar da ya kasa ce wa mai kaya a'a, ranar ya daina amfani. Wani mai maganin gargajiya zai zo yana son a rubuta cewa kwalba ɗaya na warkar da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa. Wani mai ruwan leda zai ce a sa masa lambar NAFDAC da ba tasa ba. Wani mai makaranta zai so a ce duk ɗalibansa sun ci jarrabawa alhali ba haka aka yi ba. Sabon shiga da ke jin yunwar aiki zai ga kamar dama ce ta zo. Doka tana nan: tun 2022 hukumar ARCON ce ke sa ido a kan tallace-tallace a Najeriya, har da na intanet. Amma tun kafin hukuma ta ji, gari zai ji. Wanda ya sha maganin bai warke ba maƙwabcin wani ne, kuma an san wanda ya tsara tallar. Ƙin irin wannan aiki yana da zafi a watan da babu ko sisi, sai dai sana'ar duka a kan yarda take tsaye, kuma a ƙaramin gari in ta zube ba ta kwasuwa. Ko a aikin halal ma akwai ranar da za a ce wa Alhaji sunan da ya zaɓa wa shagonsa ba ya zama a baki, ko a ce wa Mama man wannan makon bai kai na wancan ba, kuma babu takardar da za ta rufe hakan. Yadda ake faɗin irin wannan ga babba ba tare da an ci masa fuska ba, shi ma fanni ne, kuma a zaman kasuwa ake koyon sa.

Wani zai ce, to ina aikin yake a Zuru, ba gara a tattara a tafi Abuja ba? Mai son tafiya ya tafi, amma ya san a can zai tarar da dubbai irinsa, kuma babu wanda ya san gidansu. A nan Jihar Kebbi an ga abin da suna da buhu ke yi wa kaya. A Disambar 2016 gwamnatocin Legas da Kebbi suka fito da shinkafar Lake Rice. Shinkafar manomanmu ce, amma da aka gyara ta, aka zuba a buhu mai suna, aka sassauta farashi, sai ga mutanen Legas na bin layi. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, ya shiga jerin al'adun duniya na hukumar UNESCO a 2016, kuma hotunansa sun zaga ko'ina. Uhola na da rawa, da kokawa, da baje amfanin gona, amma mutum nawa ne a Kano ko Kaduna suka taɓa ganin bidiyonsa mai kyau, wanda aka yi bayani a cikinsa yadda baƙo zai fahimta? Gumakan yumɓu da matan Dakarkari ke ginawa don kaburbura suna ajiye a gidajen tarihi na Turai da Amurka, yawancin jikokin masu ginin ba su sani ba. Duk wannan aiki ne da ke jiran ɗan gida, wanda ya san abin da ake ɗauka a kyamara da abin da sai an nemi izinin dattawa, da wanda ba a ɗauka sam. Ga Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a garin a 2020, da ɗalibai da malaman da za su riƙa fito da iri da abinci da dabarun kiwo masu bukatar a kai su ga manoma da harshen da suke ji. Ga kuma mutanen ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba da rashin tsaro ya koro cikin gari, da yawa sun kama ƙananan sana'o'i a wurin da ba a san su ba, suna neman yadda za a gane su.

Harshe ma jari ne da ɗan Zuru ke riƙe da shi bai cika lura ba. Masarautar na da Lelna da Dukawa da Kambari da Fakkawa da Acifawa da wasunsu, Hausa ce ke haɗa su a kasuwa, amma kowa da harshen da yake jin magana har zuciya. Masu kamfen ɗin rigakafi da kamfanonin taki da bankuna sukan rubuta saƙo da Turanci a Abuja, a juya shi zuwa Hausar Kano, a kawo shi Ribah ko Mahuta ko Dirin Daji, sannan a yi mamakin yadda bai kama ba. Matashin da ke jin C'lela, harshen Lelna, da Hausa da Turanci, ya san wane ƙauye ne ke jin wanne, ya san a wace kasuwa ake haɗuwa da wa, ya kuma riƙe littafin da ke nuna abin da ya taɓa yi wa masu sana'a biyu ko uku a garinsu, yana iya shiga ofishin irin waɗannan ya faɗi farashinsa.